Injin da Aka Gina wa Soro

A Fagge, a bazarar 1954, ko baƙon da ya kwana biyu ya san Goni Abdulgani da ƙanensa Kyari ba sa ga-maciji. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, jikokin Barebarin da fataucin kanwa ya kawo Kano suka yi zamansu, amma tun da aka raba gidan mahaifinsu aka ja katanga a tsakiya, ko gaisuwa sai in ta zama dole. Goni ya haddace Alƙur'ani tun gemu bai tsiro masa ba, yana rubuta shi da ka, manyan 'yan kasuwa suna tuɓe takalmi su ɗauki karatu a zaurensa. Kyari kuwa allo bai karɓe shi ba. Ya bi mota, ya shekara goma sha ɗaya yana jan lodin gyaɗa daga Gumel da Haɗejiya zuwa Kano. Duk tsawon shekarun nan, in aka ambaci sunansa a zauren Goni, magana ɗaya Goni yake yi, wai albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Maganar nan ta tsaya wa Kyari a maƙoshi ta ƙi wucewa. Da ciwon baya ya sauke shi daga mota, sai ya sayar da ita, ya haɗa da gonar da ya gada a bayan gari, ya sayo wani tsohon inji mai shan man gas a gwanjo, mai fistan ɗaya, da dinamonsa. Ya kafa shi ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gidansa, daidai jikin katangar da ta raba su. Ya ce wai nan ne kaɗai fili. Ni dai ban yarda ba, don gidan yana da faɗinsa, amma mu bar shi a haka.

Da rana injin yana cajin batiran motoci da na masu rediyo, da yamma ya ba shagunan teloli tara wuta. Da shi ake ci a gidan Kyari, da shi ake sha, bayan shi ko akuya mutumin nan ba shi da ita. Abin da ya fi cin da shan ma, a karon farko a rayuwarsa mutane suka fara tsayawa suna sauraron bayaninsa. Yakan tsaya kusa da durom ɗin ruwan da ke sanyaya injin, ya gyara hula ya ce, "Mai ne yake ƙonewa a ciki ya tunkuɗa fistan, fistan ya juya wannan babbar ƙafar, ƙafa ta ja bel, bel ya juya dinamo. A cikin dinamo wayar jan ƙarfe ce take kewayawa tsakanin maganaɗisu, daga nan wutar take fitowa." Duk wannan Ikechukwu ne ya koya masa, makanikin Sabon Gari da ya kafa masa injin. Kyari bai taɓa faɗin haka a gaban kowa ba.

To, abin da Kyari yake ji kamar kiɗa, a ɗaya gefen katangar azaba ne. Tum, tum, tum, tun daga hantsi har bayan isha'i. Mai ɗaukar karatu sai ya ɗaga murya kamar mai talla. Mafi muni, ƙasa rawa take yi. Goni yana cikin rubuta Alƙur'ani na huɗu da hannunsa, tawada na kaɗawa a cikin kurtu, alifi ya fito a karkace. Ya ɓata shafi bakwai a wata guda, mutumin da ya shekara ashirin bai ɓata uku ba. A nan kam gaskiya ɗaya ce, Goni yana da abin kuka. Sai dai bai tsallaka ya yi wa ƙanensa magana ba, don a ganinsa girmansa ya wuce nan. Gaban Mai Unguwa Dabo ya kai ƙara.

Mai Unguwa Dabo tsoho ne, yanar ido ta rufe masa gani, inuwar mutum kawai yake gani. A gabansa aka raɗa wa su biyun suna. Ya sa suka zauna, ya ce, "Kyari, yayanka ya ce ka hana shi aikin Allah."

"Ranka ya daɗe, neman halal nake yi. Shi ma aikin Allah ne."

Goni bai ko dubi inda ƙanensa yake ba. Ya fuskanci mai unguwa ya ce, "A tambaye shi, da Baba yana raye, zai kafa wannan dodon ƙarfen a inda aka yi wa Inna wankan ƙarshe?"

Kyari ma ya fuskanci mai unguwa. "A gaya masa, da Baba yana raye, da ba a ba ni ɓangaren da babu rijiya ba."

"Ku rufa min baki," in ji tsohon. "Gemu da gemu, ba ku ji kunya ba."

Ya ja carbinsa, sannan ya yanke hukunci. Ya ba Kyari mako biyu ya san yadda zai yi da injinsa. Ranar Asabar ta biyu za a tayar da shi tun hantsi, ya yi ta aiki har a kira la'asar, shi mai unguwa zai zauna a zauren Goni da kansa, ana karatu, Goni yana rubutu. In ƙara ta katse karatu ko alƙalami ya goce, inji ya bar unguwar. In ba haka ba, Goni ya haƙura har abada.

Kyari ya fito yana lissafin asara. Barin unguwar yana nufin rabuwa da teloli tara da duk masu batir, kuma ba shi da wani fili a duniya da zai kai injin. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne a ɗora injinsa a amalanke a wuce da shi ta ƙofar zauren Goni, mutanen Goni suna kallo.

Kwana biyu yana saƙawa yana kwancewa. A rana ta uku da tsakar rana ya shiga tsohon soron mahaifiyarsu, wanda ya faɗo a rabonsa, ya kishingiɗa. A waje rana tana dukan ƙasa, ga hayaniyar titi, ga masu amalanke suna zage-zage. A cikin soron kuwa sanyi da shiru, kai ka ce wani gari ne daban. Kyari ya tashi zaune. Ai ga magani a gabansa tun yana yaro. Ginin ƙasa mai kauri yana shanye ƙara, kuma kowane Bakano ya san babu wurin da ya kai soro sanyi da bazara. Inji yana son sanyi, Goni yana son shiru. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Washegari magina suka kama aiki. Suka zagaye injin da katangar tubali mai kaurin kamu biyu, suka rufe sama da azara da ƙasa. Aka haƙa rami kewaye da gindin injin aka cika shi da yashi don ƙasa ta daina rawa. Aka sa ƙofar katako mai nauyi, aka buga mata buhuna ninki uku. Taga babu, sai wata 'yar kafa kamar tafin hannu ta wajen titi, don injin ya shaƙi iska. Saura abu ɗaya, bututun da zai fitar da hayaƙi zuwa wani rami a lungun bayan gida, kuma irin bututun nan sai Sabon Gari.

Tun rikicin bara, da aka kwana huɗu ana sare-sare tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutumin Fagge ba ya tsallakawa can sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A rikicin an ƙone rumfar Ikechukwu da ke bakin iyaka, da kayan aikinsa duka. Kyari, wanda suka shekara shida suna cin abinci a kwano ɗaya a bakin mota, bai je masa jaje ba, don tsoron abin da mutanen unguwa za su ce. Ya san bai kyauta ba, kuma sanin hakan ne ya sa yake jin haushin mutumin.

Ya same shi a sabuwar rumfarsa, kansa a cikin wani inji. A Sabon Gari aka haifi Ikechukwu, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ɗago ya dubi Kyari tun daga hula har takalmi.

"A'a, mutanen Fagge ne? Na ɗauka ƙafarka ce ta karye."

"Bututu nake so, kamu goma sha biyu, da gwiwar bututu biyu."

"Na me?"

Da Kyari yana da wayo da ya ce ba ruwanka. Amma dabarar ta cika masa ciki, yana neman wanda zai yaba. Ya zayyana masa komai, kaurin katanga, azara, buhunan ƙofa. Ikechukwu ya ajiye sifana.

"Durom ɗin ruwan fa, yana ina?"

"Yana ciki."

"Taga nawa?"

"Babu. Taga ai ita ce ƙofar ƙara."

Ikechukwu ya jawo wasu kwalabe uku da ba komai a ciki ya jera su a kan benci. Ya ce, "Duk kwalba uku ta man da ka zuba wa injin nan, ɗaya ce kaɗai take zama aiki, ita ce wutar da kake ba teloli. Ta biyun nan tana bin hayaƙi, bututunka zai kai ta waje, babu laifi. Ta ukun fa? Zafi ce zalla, tana shiga ruwa da jikin ƙarfe. A rumfa iska ce take kwashe ta. A ɗakin naka wa zai kwashe?"

"Soro sanyi gare shi. Kai da aka haifa a ƙarƙashin kwano, me ka sani game da soro?"

"Soro ba ya haifar da sanyi. Zafin rana yake hanawa shiga. Katangar da ta hana zafi shiga ita za ta hana shi fita, ba ta san na gida da na waje ba. Zafi ba ya mutuwa, Kyari, ƙaura yake yi, kuma sai inda ya fi shi sanyi yake tafiya. In ka toshe masa hanya ya zauna a jikin injinka. Ka fasa katangar ka fitar da durom waje, ka yi taga biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Injin nan ya girme ni ya girme ka, babu kayan gyaransa a ƙasar nan. Ranar da fistan ya kama, sai dai ka kai wa maƙera su yi fartanya."

Maganar ta shigi Kyari, ya ji ta har ƙashinsa. Da a nan Ikechukwu ya tsaya, wataƙila da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Amma shi ma da nasa miki a zuci, shekara guda yana jiran ranar. Ya ɗauki sifanarsa ya ce, "Laifin wanda ya sayar maka da inji ne. Kai direba ne, sitiyari ka sani."

Shi ke nan, an gama. Kyari ya biya kuɗin bututu, ya saɓa a kafaɗa, ya tafi ko sallama babu. A hanya yana ta faɗa a ransa, kowa malami ne a kansa, na Fagge da rawani, na Sabon Gari da sifana. To wannan karon zai nuna musu.

Ko matarsa Gumsu, da ta leƙa ɗakin bayan an gama, sai da ta ce, "Maigida, ko madafi ai ana bar masa taga."

"Ke ma Sabon Gari kika koma?"

Ta koma madafinta. Ana jibi Asabar ya gwada injin da sanyin safiya, na ɗan lokacin da bai fi a sha koko ba, ginin ma bai gama bushewa ba. Ya rufe ƙofa ya kasa kunne, sai wani ɗan gunji can ƙasa-ƙasa. Ya buɗe ya ji ɗumi kaɗan. Ya yi dariya shi kaɗai, ya kashe.

Ranar Asabar, kafin hantsi ya dubi ludayi, ƙofar gidan ta cika. Teloli sun rufe shaguna, masu ɗaukar karatu sun jeru a zauren Goni, mai unguwa yana kan buzu a tsakiyarsu. Wasu suka shigo tsakar gidan Kyari don su ga abin da idonsu. Kyari ya cika durom har baki, ya duba baƙin mai, ya sa hannun tayarwa ya juya, injin ya kama. Ya fito ya ja ƙofa ya danna sakata. A goshin ƙofar, ta waje, ya rataye ƙwan lantarki guda ɗaya, shi ne shaidar cewa injin yana aiki. Kowa ya san sharaɗin, ƙofar nan ba za ta buɗu ba sai an kira la'asar, don tana buɗuwa ƙarar za ta fito gaba ɗayanta.

Shiru ya sauka a unguwar irin wanda aka manta da shi. Ta kan katanga ana jin muryar mai karatu sarai, ana jin Goni yana yi masa gyara. Wani tela ya dafa kafaɗar Kyari ya ce lallai mota ta koya masa duniya. Kyari ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji, har ya sa aka kawo goro aka raba.

Da aka dawo daga sallar azahar ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar, ya janye da sauri. Ya kara kunne. A ƙarƙashin bugun injin akwai wata ƙara, ta ruwa yana tafasa. Ya zaga lungun baya kamar mai neman wurin fitsari. Hayaƙin da ke fita daga ramin, wanda da safe da kyar ake ganinsa, ya koma baƙi ƙirin. Iskar da injin yake shaƙa ta yi zafi, ta cika da tururi, man ba ya ƙonewa yadda ya kamata. Shekara goma sha ɗaya a kan titi ba wasa ba ce, Kyari ya san abin da yake gani. Tsoro ya kama shi, na gaske.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar yana lissafin rana. Saura kusan awa biyu. Ruwan durom yana ƙonewa yana raguwa, babu halin ƙarawa. Ya ce a ransa, to a buɗe, a sha kunya, kunya ba ta kisa, inji dai ya tsira. Wallahi har ya ɗora hannu a kan sakata.

Daidai nan aka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Ikechukwu ne, da kayan aikinsa na shuɗi duk baƙin mai, ya tsallako Fagge shi kaɗai a karon farko tun bara. Ta lungun baya ya biyo, ya ga hayaƙin. Mutane suka dare masa, fuskoki babu annuri. Bai gai da kowa ba.

"Kyari, buɗe ƙofar nan."

A gaban kowa ya faɗa, da muryar da yake yi wa masu koyon aiki magana. Wani daga cikin mutanen Goni, Modu mai sayar da jan gishiri, wanda ya leƙo ta zaure, ya ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Ashe maigidansa ne ya zo."

Aka yi 'yar dariya. Kyari ya sauke hannunsa daga kan sakata.

Ikechukwu ya matso ya rage murya. "Ka kashe shi yanzu. Ka shiga ka roƙi yayanka ya ƙara maka mako guda, ni zan zo in fitar da durom ɗin, ba na son ko sisinka. Ba don kai ba, don injin. Da hannuna na kafa shi."

Roƙon Goni. A shiga zauren nan, a gaban Modu da ire-irensa, a ce Yaya ka yi min alfarma, dabarata ta ƙi. Kyari ya ji gara a yanka shi. Ya juya ya jingina bayansa da ƙofar, zafin katako yana ratsa rigarsa, ya harɗe hannuwa.

"Wa ya kira ka? Nan Fagge ne. Ka koma inda ka fito tun mutane suna ganin mutuncinka."

Ikechukwu ya juya. Bai tafi ba. Ya ja kekensa ya koma bakin lungu inda zai riƙa ganin hayaƙin, ya tsaya a rana.

Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma wanda ya naɗa shi ya fi kowa sanin nauyinsa. Kyari yana tsaye, gumi na zuba, yana yi wa masu yi masa magana murmushi, bayansa kuma yana karanta masa duk abin da ke faruwa a ciki. Bugun ya yi nauyi. Ya fara ja da baya, kamar mota mai lodi a kan hawa. Wani wari ya fara silalowa ta ƙarƙashin ƙofa, na baƙin mai da ya ƙone, sannan wani mai kaifi, na wayar dinamo. Yana ta addu'a a ransa, duk surar da ya iya ya karanta, kuma ba su da yawa. Allah ya kai shi la'asar kawai, la'asar kawai.

Saura kamar rabin awa, ya ji wani ɗan kuka siriri na ƙarfe yana cin ƙarfe. Bugu ɗaya mai nauyi, na biyu da ya fi shi nauyi, na ukun bai zo ba.

Ya taɓa jin wannan sau ɗaya, a hanyar Gumel, a motar wani abokinsa, kuma motar nan har yau tana nan a gefen hanya awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Fistan ya kumbura da zafi ya manne. Motarsa, gonar ubansa, shekara goma sha ɗaya na ciwon baya, duk sun tsaya cik a bayan ƙofar nan.

Abin mamaki, babu wanda ya lura. Katangar ta yi aikin da aka gina ta dominsa. Teloli suna ta musu a kan kuɗin yadi, karatu yana tafiya a zaure, ƙwan lantarkin kuwa yana rataye cikin hasken ranar bazara, wanda ko mai lafiyar ido ba zai ce yana ci ko ba ya ci ba. Mutum ɗaya ne ya gane. A bakin lungu Ikechukwu ya ga hayaƙi ya yanke. Ya dubi Kyari sau ɗaya, ya hau kekensa ya tafi.

Kyari bai motsa ba. Bai san me yake jira ba. Haka ya tsaya yana gadin gawa har ladan ya kira la'asar.

Aka riƙo hannun mai unguwa aka shigo da shi tsakar gidan, jama'ar zaure suna biye. Goni ne a ƙarshe, da babbar riga fara, shafin da ya rubuta yana hannunsa. Shekara huɗu rabon da ya taka wannan ɓangaren gidan.

Mai unguwa ya ce, "Ni dai kunnena bai ji komai ba, karatu bai katse ba. Amma idona ba ya gani. Goni, kai ne mai ƙara, kai ya kamata ka duba. Je ka ga ƙwan nan, ka gaya wa jama'a ko yana ci."

Goni ya taka a hankali har gaban ƙanensa. Ya miƙa wa Modu shafin. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya kewaye ƙwan, ya yi masa inuwa, ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙawa. Hancinsa ya motsa, ya shaƙi warin da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sannan ya sauke hannuwansa ya dubi Kyari cikin ido, abin da bai yi ba tun ranar rabon gado.

Kyari ya jira. Yanzu za a faɗa, a yi masa dariya, a gama. Har ya ji yana so a faɗa ɗin, ko ya samu ya zauna a ƙasa.

Goni mutum ne da ba ya ƙarya, kowa ya shaide shi da wannan, kuma ran nan ma bai yi ba. Ya juya wajen mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an kai ga ƙwai ba. Na janye ƙarata. Injin nan ya zauna inda yake, har ƙarshen duniya in mai shi yana so. Na tabbata ba zai ƙara damun kowa ba."

Wuri ya ɗauki kabbara. Dattawa suna cewa ka ga malami, ka ga haƙuri, babba juji ne. Teloli suka yi ca a kan Kyari, wannan ya kama hannunsa, wancan ya kama, tafin da ƙofa ta ƙona suna ta murza shi suna yi masa barka. Yana amsawa. Me zai ce? Ya ci shari'a a gaban unguwa duka, kuma duk duniya mutum biyu ne a tsakar gidan nan suka san abin da ya ci.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Murna ta kama tsohon. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yau mahaifinku zai kwanta da daɗi a kabarinsa. Kyari, yayanka ya yi maka abin da ba kowane ɗan'uwa zai yi ba. Durƙusa ka gode masa."

Kyari ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙofar. Mutum sama da arba'in suna jiransa da fara'a. Ya tattare rigarsa, bayan nan nasa mai ciwo ya lanƙwasa da kyar, ya durƙusa a gaban takalman Goni.

"Yaya, na gode."

Goni ya ɗora masa hannu a ka, ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Allah ya sa albarka a cikin sana'ar nan taka. Allah ya bar ka da injinka."

Jama'a suka ce amin. Kyari ma ya ce amin.